Na Taya Gida, Na Jira Kaka

Wannan babin naku ne ku shida, musamman ku ƙananan da kuka buɗe ido kuka tarar da kanku a gidan nan kamar tun fil'azal namu ne. Na daɗe ina jin ana faɗa a unguwa wai asiri na yi aka sallama mini shi. A da dariya nake yi, har ranar da na ji zancen ya fito daga bakin jikata, tana ba ƙawarta labari cike da alfahari, wai kakarta ta san wani malami a Mashi. Ni da sau ɗaya na taɓa taka Mashi, gaisuwar mutuwa, a bayan wani ɗan acaba da ya kusa zubar da ni a kwata. Tunda abin ya kai ga jikoki, gara in zauna in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ido. Gaskiya ne akwai wanda ya fi ni tayi nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ne ni aka ba. Abin da ya faru a tsakani shi ne ba ku sani ba.

Tun da babanku ya ɗauko ni daga Sandamu muka zo Daura, haya muke yi. Shi tela ne, kun sani, kuma irin mutanen nan ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Mun zauna gidaje da dama, wani ɗaki biyu, wani ɗaki da rumfa, kowanne da irin tasa dokar. A wani gidan an ce hayaƙin suyar ƙuli-ƙulina yana sa mai gida tari. A wani an ce ragunana suna lasar katanga za su kayar da ita. Babbanku a wani gida aka haife shi, mai bi masa a wani, ta ukunku kuwa muna tsakiyar ɗaure kaya naƙudarta ta zo. In aka tambaye ku a makaranta ina ne gidanku sai kun tsaya tunani, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Don haka na duƙufa: ina matsar man gyaɗa, ina suyar ƙuli, ina turke raguna saboda layya, ina zuba adashi, abin da ya shigo kuma ban yarda ya tafi a atamfa ba. Mata suna yi mini tsiya wai zani ɗaya ake ganina da shi, biki da suna da ta'aziyya. Ban taɓa musawa ba, don gaskiya suka faɗa.

Shekarar da nake ba ku labari muna zaune a gidan wani mai sayar da hatsi, mutumin kirki daidai gwargwado. Ana tsakiyar zafin bazara ya kira babanku ya ce ɗansa zai yi aure, yana son gidansa kafin ruwa ya sauka. Bai yi mana laifi ba, abinsa ne. Amma da babanku ya shigo ya faɗa mini, ina tsugune gaban kasko, sai na sauke kaskon na miƙe. Na ce masa ni dai na gama kwance kayana a gidan wani, in za mu tashi to gidanmu za mu. Ya dube ni kamar wadda rana ta taɓa, ya ce to Allah ya kawo, ya koma shago.

Ba a daɗe ba wani dillali mai suna Ɗanlami ya kawo masa labarin gidan wani dattijo, Malam Bawa, wanda bai jima da rasuwa ba. Wannan gidan da kuke ciki ke nan, sai dai a lokacin duk ginin ƙasa ne: zaure, shigifa, ɗakuna huɗu, rijiya, da fili a baya wanda ina jin an kwatanta shi na fara lissafin turaku nawa zai ɗauka. Marigayin ya bar matarsa Inna Tasalla, da ɗa namiji ɗaya, Lawal, ma'aikaci a Katsina, da 'ya'ya mata huɗu, uku suna gidajen mazansu, autarsu Bilki kuma tana koyarwa a wata firamare. Gidan ba zai rabu a tsakaninsu ba, shi ya sa za a sayar a raba. Babanku ya tafi da dillali suka gani. A can ya tarar ashe ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani alhaji ɗan Mai'adua, mai shigo da kaya ta iyaka, wanda ya ga gidan yana kusa da titi, yana so ya rushe ya gina sito da shaguna. Babanku ya dawo da azahar jikinsa a sanyaye, ko abinci bai nema ba.

"Kulu, ki cire ranki daga gidan nan," in ji shi. "Abin da Alhaji ya taya, ko mun sayar da keken ɗinkina da ni kaina a kai ba za mu kai ba."

"An sallama masa?"

"Tukuna. Lawal ya ce sai ya yi shawara."

"Da wa?"

Ashe bai sani ba. Shi bai tambaya ba, dillali bai tambaya ba, Alhaji ma bai tambaya ba. Na matsa masa da tambaya ya gaya mini yadda aka yi ganin gidan: sun zauna a zaure da Lawal, aka aika ciki aka ce mata su shiga ɗaki, maza suka zagaya suka leƙa rijiya suka buga katanga, suka fito suka koma zaure aka ci gaba da magana. Haka maza suke cinikin gida. A wurinsu gida daga zaure yake farawa, a zaure kuma yake ƙarewa, ko da mutum biyar ne masu haƙƙi suke zaune a bayan labule. Ni kuwa na ci gadon mahaifina, na zauna na ji yadda ake rabo. Na san uwa tana da tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, na kuma san in aka haɗa rabon mata huɗu ya fi na namiji ɗaya. Wato mafi yawan gidan nan yana hannun waɗanda aka ce su shiga ɗaki.

Washegari da hantsi na cika kwalba da mai, na ƙulla ƙuli a leda, na yafa mayafina na tafi. Abin da ya fi ƙarfin Alhaji duk da dukiyarsa shi ne shiga cikin gidan nan ya zauna, ni kuwa sallama kawai na yi na wuce. Na tarar da Inna Tasalla a ƙofar ɗakinta kan tabarma, tana cikin takaba, ba kwalli ba lalle, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin ido. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta sa Bilki ta kawo mini ruwa. Ban iya kewaye-kewaye ba, kun sani, don haka ina ajiye kofi na ce mata ni ce matar telan da ya zo ganin gida jiya, kuma ba zan ɓoye mata ba, ina son gidan.

"Ke ma awo kika zo?" ta tambaye ni.

Ban gane ba, sai ta nuna mini katanga da haɓa. Na duba na ga zane-zanen gawayi a jikin bango, a ƙofar ɗakin marigayi, a gefen rijiya, har kan madafa. Ashe Alhaji ya riga ya turo maginansa da igiyar awo, tun ba a sallama masa ba, suna sa alamar inda za a fara rushewa. Bilki ce ta ba ni sauran labarin, cike da haushi. Ta ce Alhaji ya tsaya a tsakar gida yana kushe ginin da ƙarfi don Lawal ya ji, wai damina biyu za ta kwantar da shi, wai ɗakunan sai dai a ɗaure jaki, shi fili kawai yake saye. Na san wannan halin, na kasuwa ne. In kana son bijimin sa ya yi araha sai ka ce ya rame, ka ce ƙafarsa ta karkace, mai shi ma ya san wasa ne ba ya jin zafi. Amma gida ba sa ba ne. Malam Bawa da hannunsa ya ɗora tubalin ɗakunan nan, Inna tana amarya ita ta riƙa ɗebo ruwan kwaɓa, kuma tana zaune a cikin ɗaki tana jin duk abin da ake faɗa.

Muka yi ta hira har rana ta take. A cikin hirar ne na ji abin da ba wanda ya kai shi zaure. An sa wa Bilki ranar aure bayan kaka, marigayi da bakinsa ya tsayar da lokacin kafin ya kwanta ciwo. Alhaji kuwa ya ce ranar da Inna ta fita takaba ranar yake son gidansa, don ya fara gini kafin ruwa ya yi ƙarfi. Lawal ya ce ba komai, sai a yi bikin a wurinsa a Katsina, gidan haya ne amma akwai wuri. Inna ta dubi ƙofar shigifa.

"Yayyenta uku duk ta ƙofar nan aka fitar da su," ta ce. "Ubansu yana zaune a zaure, kowacce ta durƙusa ya ɗora mata hannu a ka. Wannan ba ta samu uban ba. Ashe gidan ma ba za ta samu ba."

Na ce, "Inna, an tambaye ki kuwa?"

"Tambayar me, 'yar nan? Ni dai ana shigowa a gaya mini."

Kada ku ɗauka tausayi kaɗai ya kama ni, don ba na son ku mayar da ni waliyyiya bayan raina. Tausayin na ji, har na share ido da bakin mayafi. Amma ni 'yar kasuwa ce. Ina tafe a hanyar gida ina juya abin a raina, sai na ga akwai abu ɗaya da mutanen gidan nan suke so wanda Alhaji ba zai iya bayarwa ba, ni kuwa zan iya in na daure, wato jira. Shi ya riga ya sayi siminti ya ɗauki magina, kowace rana asara ce a wurinsa. Ni ba ni da abin da zan yi asara sai jin daɗina da naku. In na ce zan biya yanzu amma ba zan shiga ba sai an fitar da amarya, na ba su abin da ya fi musu ƙarin da Alhaji ya yi. Matsalar ɗaya ce, ba ƙarama ba: mai gidan da muke ciki yana son abinsa kafin ruwa, bikin Bilki kuwa sai bayan kaka. Damina guda za mu yi ba mu da gidan haya, ba mu da namu.

Na biya ta shagon babanku na tarar yana ɗinkin wata riga, na zayyana masa. Ya tsayar da keke ya cire tabarau. Ya ce yara shida fa, ina za mu sa su? Ya ce in muka biya suka ƙi tashi fa? Ya ce mutane za su ce mun haukace. Duk na ba shi amsa, wasu da hujja wasu da tsiwa. Abin da ya fi damunsa kuwa ba waɗannan ba ne, tsoro yake kada ya zama mun yi ciniki a kan cinikin wani, don shi ba ya wasa da irin wannan. Na ce to ya je ya tambaya. Ya sami limamin unguwarmu bayan la'asar, liman ya ce tunda ba a sallama ba, magada ma ba su haɗu sun karkata ga kowa ba, ƙofa a buɗe take. Sai ga shi ya dawo da sauri kamar shi ya kawo shawarar.

Daga nan na shiga haɗa abin da zan taya da shi, kuma a nan ne na ji jiki. Na kwashe adashina. Ragunan da na turke na fitar da su kasuwa tun layya ba ta matso ba, ina kallo aka saye su da araha. Na sayar da kwallayen da uwata ta jera mini. Duk da haka bai isa ba, sai na hau mota na tafi Sandamu wurin Yaya Musa, na ce ya sayi gonar da na gada, don shi ya fi cancanta, gefen tasa take. Ransa ya ɓaci sosai.

"Gonar Baba za ki mayar ɗaki, Kulu? Gona tana ciyar da ke, ɗaki me zai ba ki?"

"Yaya, gona ba ta hana mai gida ya ce in tashi."

Ya yi ta faɗa, ya ce taurin kaina tun ina goye aka san shi. Da ya gama ya saya, ya kuma ce in abin ya tabbata mu zo mu yi damina a wurinsa, akwai ɗaki ɗaya da ake ajiye harawa, zai sa a share. Haka Yaya Musa yake, Allah ya jiƙansa, sai ya gama wanke ka tas sannan ya ba ka rigarsa.

Kafin babanku ya kai tayinmu zaure, ni na fara kai shi ciki. Na gaya wa Inna abin da muke da shi, na ce bai kai na Alhaji ba kuma ba zan yi mata ƙarya in ce ya kusa ba, na gaya mata sharaɗin da na ɗora wa kaina. Ba ta ce mini i ko a'a ba. Ta dai aika aka kira 'ya'yanta mata daga gidajensu, ta kuma aika wa Baffa Garba, ƙanin marigayi, ta ce in za a yi zaman gida a yi shi gabansa. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar.

Ranar maza suka cika zaure: Lawal, Baffa Garba, mai unguwa, Ɗanlami dillali, Alhaji da mutanensa, sai babanku a can gefe cikin rigarsa ta Juma'a. Mu mata muna shigifa, ƙofa ce kawai tsakaninmu da su, muna jin komai. Alhaji ya maimaita tayinsa cikin izza, aka yi ta gyaɗa kai. Aka ce tela ma yana da magana. Na san babanku da kunya, na ji tsoron kada ya haɗiye rabin abin da muka shirya. Amma ya gyara murya ya faɗi abin da muka taya, sannan ya ƙara da wannan, kuma har yau ina iya jin muryarsa:

"Iyakar abin da muke da shi ke nan, ba mu ɓoye ƙari ba, kada a wahala da ja. Za mu biya yanzu gaban shaidu. Amma ba za mu shiga ba, ba za mu taɓa ko tubali ɗaya ba, sai an fitar da Bilki amarya daga gidan mahaifinta, Inna kuma ta haɗa kayanta a tsanake."

Lawal bai ko ɗaga kai ba ya ce albarka, wato bai sayar ba. Sai Baffa Garba ya yi gyaran murya ya ce albarkar baki ɗaya ce wannan, gidan kuwa na mutum shida ne, a bari a ji sauran. Ya juya ya tambayi Alhaji ko shi ma zai iya jira zuwa kaka. Alhaji ya ce shi ba zai iya ba, siminti ba ya jiran biki. Amma ya ce zai ƙara a kan tayinsa, kuma in don biki ne shi zai kama musu babban ɗakin taro a yi shagali a can, har kujeru. Ya faɗi haka da kyakkyawar niyya, ina jin, sai dai bai san abin da ake magana a kai ba. Na dubi Inna na ga ta ɗaure fuska. Baffa Garba ya taso ya tsaya a bakin ƙofar shigifa ya ce, Tasalla, kin ji, me kika ce?

"Garba, ni ban san lissafi ba," ta ce, a hankali amma kowa ya ji. "'Yata ba daga ɗakin taro aka haife ta ba. Tumunina na gidan nan, ga matar tela na sallama shi."

'Ya'yanta mata suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce abin da Inna ta ce. Can sai ga Lawal ya shigo shigifa, ya durƙusa gaban uwarsa. Ina so ku sani Lawal ba mugu ba ne, kada in ji wani cikinku ya zage shi. Ƙarin nan yake hange don ya gina wa uwarsa ɗaki mai kyau kusa da shi, shi a ganinsa gata yake yi mata. Ya dubi Bilki da ta sunkuyar da kai tana hawaye, ya dubi zanen gawayin da ke ƙofar ɗakin ubansa, kamar ranar ya fara ganinsa.

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba, Lawal."

Sai ya miƙe ya koma zaure, muka ji ya ce wa babanku, "Malam, mun sallama. Allah ya amfana." Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Ni kuwa ban san lokacin da na kama hannun babbar 'yar Inna na matse ba, har sai da ta ce, baiwar Allah, za ki karya ni. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena, kuma babanku ya san na faɗi haka, a gabansa na faɗa. Alhaji ya kaɗe rigarsa ya tashi, amma sai da ya miƙa wa babanku hannu kafin ya fita. Wanda bai yafe ba shi ne Ɗanlami, don la'adarsa ta ragu, kuma daga bakinsa zancen malamin Mashi ya fara fita. Aka rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, muka biya, muka koma gidan haya muka fara ɗaure kaya.

Damina ta sauka muna Sandamu, mu takwas a ɗakin harawa. Manyanku za su tuna, ƙananan kuwa ku gode wa Allah da ba ku tuna ba. Rufin yana yoyo ta kusurwa, in hadari ya taso sai mu jera kwanuka mu takure a gefe guda. Sauro ya mayar da mu tuwonsa, zazzaɓi ya kwantar da ta huɗunku har na fara tunanin ko na sayi gida da ran ɗiyata. Babanku kullum yana kan babur zuwa shago a Daura, ya dawo da taɓo har gwiwa, bai taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba, wanda da ni ce a matsayinsa da na faɗa sau ɗari. Masu sayen maina a Daura suka koma wurin wasu. Abin da ya fi yi mini ciwo kuwa, daga ƙofar ɗakin nan ana hango gonar da na sayar, gero ya yi kyau a shekarar kamar da gayya. Matan gari kuma ba su bar ni ba. Wata ta ce ta taɓa jin wanda ya biya kuɗin gida magada suka ƙi tashi har aka shekara goma a kotu. Wata ta ce ai mai gida a Daura ce take kwana da harawa. Ina dariya a gabansu, in na juya kuma tsoro ya kama ni. Duk da haka ko sau ɗaya ban je na leƙa gidan ba, kada Inna ta ga kamar na zo tuni.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, sai ga goron gayyata daga Inna, ta ce in ban zo ba ba ta yafe ba. Na je. An shafe zanen gawayin nan, an yi wa ɗakuna sabon yaɓe, tsakar gida cike da mata. Da yamma aka fito da Bilki lulluɓe, aka bi da ita ta shigifa zuwa zaure. Baffa Garba yana zaune a inda yayansa yake zama, ta durƙusa ya ɗora mata hannu a ka, ya fara addu'a muryarsa ta sarƙe, Lawal ya ƙarasa. Inna tana tsaye a bayan ƙofa tana kallo har aka sa amarya a mota. Sannan ta juyo ta neme ni a cikin mata, ta kama hannuna ta ce, 'yar nan, kin cika, saura ni. Ban ce ta yi sauri ba, amma mako bai zagayo ba Lawal ya zo da mota ya ɗauke ta. Kafin ta fita sai da ta zagaya da ni ɗaki ɗaki, ta nuna mini indararon da ke toshewa, da gefen rijiyar da ke da santsi, da inda rana ba ta kaiwa in ana son ajiye mai. Ta bar mini turminta, ta ce ya yi mata nauyi.

Muka shigo da kayanmu a amalanke da bayan wata tsohuwar a-kori-kura. Ku kuka bazu cikin ɗakuna kuna ihu kuna rabon wuri, babanku yana ta zagaya fili hannu a baya yana murmushi shi kaɗai. Washegari da safe na haɗa wuta a madafa, na ɗora kasko, ina tsugune ina fifita, sai na ji muryar mace daga shigifa, wata maƙwabciya ta zo yi mana barka.

"Salamu alaikum. Masu gida suna ciki?"

Na ci gaba da fifita wutata ina jiran wani ya amsa, yadda na saba shekara da shekaru. Ta sake sallama. Babanku yana bakin rijiya yana alwalar walaha, ya ɗago ya dube ni.

"Kulu, ke fa ake nema."

Na ajiye mafici, na miƙe, na gyara ɗaurin zanina. Na buɗe murya yadda duk unguwar za ta ji, na ce, "Wa alaikumus salam. Muna ciki, shigo."